Guɗa a Kwanar Gawo

Wa za a tambaya jinin Ɗanaudu mai igiya? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban kai ƙarshenta ba. Na taɓa kai ta gaban malamai biyu. Ɗaya ya ce ƙaddara ce, in bar ta. Ɗayan ya ce in faɗa masa sunan wanda ke riƙe da sitiyari, shi ke nan. Sunan ba shi da wuya, Malami direba ne. Amma duk wanda ya tsaya a Faƙon Iyaka a wannan yini ya san ba hannun mutum ɗaya ne ya murza sitiyarin nan ba.

Tseren mota ya shigo ƙasar Bagudo ne tare da mulkin kai. A shekarar da Ingilishi suka naɗe tutarsu a nan, Faransawa ma suka naɗe tasu a tsallaken iyaka, a Dahome, attajiran ɓangarorin biyu suka nemi abin da za su yi wa juna alfahari da shi. Sai suka fito da tsofaffin motocinsu da suka gaji da jigilar goro da gishiri, suka ciccire musu ƙofofi da gilasai da kujeru, suka sake su a wani faƙo mai faɗi dab da iyaka. Aka jera gangunan fetur da ba komai a cikinsu, aka shafa musu farar ƙasa, suka zama alamar hanya. Doka ba ta da yawa. Ka riga kowa gama zagaye. In ka bangaji ɗan'uwanka ya faɗa ciyawa, ruwansa. Abin ya yi wa mutane daɗi har ya zama al'ada, duk kaka in an gama yankan gero sai an yi. Jama'a sukan taso tun daga Zagga da Lafagu da Kurgu, wasu a kan jakuna, wasu a ƙasa.

Motar Alhaji Sodangi ita ce ta ɓangarenmu, ana ce mata Gwanki. Mai tuƙa ta shi ne Malami, kuma tun da aka fara tseren ba wanda ya taɓa nuna masa baya. Maroƙa sun yi masa kirari, 'yan tasha suna tashi su ba shi benci. Kafin haka ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana yini a bakin kogin Kwara yana jiran jirgin fito, ƙananan ƙudajen nan na bakin ruwa suna cinsa. Ƙaiƙayi ya fara, fatar ƙwaurinsa ta yi dabbare-dabbare, daga baya abin ya hau ido. Duniya ta riƙa tsuke masa a hankali, har ya zama abin da yake gani bai wuce fari da baƙi ba, kamar mai leƙe ta cikin hayaƙi.

Mutum biyu ne suka sani. Ɗaya matarsa Mariya, wadda ta yi suna da guɗa, ba a kai amarya tsakanin Zagga da Lafagu ba a aiko mata ba. Ɗayan ƙanensa Sambo, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike, magidanci mai 'ya'ya. A kowane tsere Sambo kan zauna a kan akwati kusa da yayansa. Abin da aka faɗa wa mutane shi ne giyar Gwanki tana fita, sai an sami mai danne ta. Gaskiyar ita ce hannun Sambo a kan gwiwar Malami yake. In ya matsa, birki. In ya ja gwiwar, kwana. In ya saki, a taka totur har ƙasa. Da idon ɗaya da ƙafar ɗaya suka riƙa cinye mutanen Dahome, kirarin kuwa na mutum ɗaya ne.

Wata rana Malami ya faɗa lambatu a hanyar masallaci, ya dawo da tabo a riga. Da la'asar Mariya ta kawo masa sandar gora, ta jingina a kusa da shi. Ya laluba ya ji ko mece ce, ya karya ta a gwiwa, ya ce ta sa a murhu.

"Kin san layin da ke bakin kasuwar Zagga?" in ji shi. "Rabinsu tare munka yi zaman bakin fito. Yanzu an jera su, kowa da ƙoƙo, ana ja musu sanda. Ranar da kika gan ni da sanda, ki aika a haƙa mini rami."

Sambo kuwa, Malami ya sa shi ya dafa kan yayan nasa ya yi alkawari ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi tseren wannan shekara, Sodangi ya aika a kira Sambo. Ya same shi a inuwar ɗorawa a bayan tasha, an haɗa masa raguna biyu suna karo, yana kallo yana cin goro. Yaronsa Safi, wani ƙato mai yawo da dorina a kafaɗa, yana tsaye a bayansa.

"Bakanike, matso. Giyar Gwanki har yanzu tana fita?"

"Tana fita, Alhaji. Tsufa ne."

"Ikon Allah. Jiya na sa Safi ya kai ta Kurgu ya dawo, ko sau ɗaya ba ta fita ba. Ko yayanka kaɗai take yi wa rashin kunya?"

Sambo ya sunkuyar da kai.

"Ni ban yi boko ba," in ji Sodangi, "amma na san ba a gwiwar mutum anka sa giya ba. Ga abin da nika so. Ran kasuwa ka hau bisa ganga a tsakar tasha, ka faɗa wa jama'a da bakinka cewa yayanka makaho ne. Da ƙarfi, har masu kifi su ji. In ka sauko, makullin Gwanki naka ne. Ai na san kana so. Na ga yadda kake shafa sitiyarin in ba kowa."

"Alhaji, in sallamarsa za ka yi, ka kira shi gida ka sallame shi tsakaninku."

"In sallame shi, gobe maroƙa su ce Sodangi ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta? A'a. Wuƙar gida ta fi sanin gaɓa."

"Ba ni iyawa."

"To yana gani ke nan?"

Ragunan suka sake haɗuwa, ƙahon ɗaya ya tsage. Sambo ya ce, "Yana gani."

"Madalla. Safi, ka ji ko? Mai ido ba ya buƙatar jagora. Bana shi kaɗai zai shiga. Bara ma nauyinka ne ya sa motar Bunyaminu na Dahome ta kusa cim muna."

Ba na zaton Sodangi yana ƙin Malami. Akwai mutanen da ba sa ƙin kowa, sai dai ba sa iya ganin abu biyu da suka jingina da juna ba su zare ɗaya ba, don su ga yadda ɗayan zai faɗi.

Sambo ya tarar da yayansa zaune a ƙofar gareji yana wanke fuloga da fetur, yana gane dattinsu da ɗan yatsa. Ya kwashe duk yadda aka yi ya faɗa masa. Malami ya yi dariya.

"Da ka karɓa, ɗan banza. Da yanzu kai ne mai kirari."

"Yaya, ba wasa ba ne. Ka ce zazzaɓi ya kama ka."

"Bana zazzaɓi. Baɗi kuma mi? Ciwon haƙori?" Ya ajiye fulogi. "Kwanonin hanyar can na gabas na san su kamar hanyar bakina. Gangunan farare ne, ina ganin haskensu, ƙasar ma tana gaya mini ta ƙugu. Ta Gawo ce kawai."

Kwanar Gawo ita ce a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya mafi tsawo, inda mota ke sakin duk gudunta. Ana bi ta gaban rumfar manyan baƙi, a wuce masu talla da ke zaune a hagu, sannan a karya hagu a gindin wani gawo. Wanda bai karya ba, kwazazzabo ne a gabansa. Da yamma kuwa rana a fuskar direba take, ta haɗu da ƙura, mai lafiyar ido ma sai ya runtse.

Mariya ta zo da tuwo, ta ji ƙarshen zancen. Ta ajiye akushi ta ce, "Maigida, ka bar musu motarsu. Muna da gona."

"Ki ja ni zuwa gonar da sanda?"

Mariya ta ce, "Kana gane guɗata cikin ta mutane?"

"Ko cikin kabari nake."

"To in tsaya gindin gawon. In ka kai inda Sambo ke jan gwiwarka, in yi."

Sambo ya ce hauka ne, inji ba zai bari a ji ba. Malami ya ce a mayar da salansa, bututun nan mai rage ƙarar inji. Motocin tsere duk cire musu salansa ake yi, don rugugin ya tsorata abokin karawa ya kuma burge 'yan kallo. Sambo ya nemo ta Gwanki a cikin tarkace ya ɗaura. Suka je faƙon da hantsi, lokacin ba kowa sai shanu, suka gwada. Mariya ta kama hanci ta rangaɗa, muryar ta ratsa ƙarar inji kamar allura a cikin ƙyallen sawaye, Malami ya karya kwana ba ko tangarɗa. Suka yi ta maimaitawa har muryarta ta fara dushewa. Suna haɗa kaya Sambo ya hango wani a kan keke can nesa, a hanyar iyaka, ya tsaya ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya. Ya yi kama da Safi. Ya kuma yi kama da kowane ƙato a kan keke.

Ranar tsere faƙon ya cika tun kafin azahar. An kafa rumfa da zana, an shimfiɗa darduma, domin an ce wani babba zai zo daga lardi ya ga yadda mutanen iyaka ke shagali. Masu fura da masu ƙosai da masu rake suka zauna a gefen rumfar ta yamma. A cikinsu akwai Ɗanaudu, tsoho daga Lafagu. Shi mota ba ta dame shi ba. Ya lura ne cewa duk inda aka tara jakuna aka tayar da inji, sai igiyoyi sun tsinke. Ya ba hanya baya, yana murza rama a cinya.

Sambo ya zo wurinsa neman abin da zai ɗaure murfin inji, wanda ƙugiyarsa ta karye.

"Ku masu ƙarfe," in ji Ɗanaudu, yana zaɓo masa mai kauri, "duk hayaniyarku, ƙarshenta dai wurin mai igiya."

"Baba, juyo ka ga tsere mana."

"In ga mi? Mutum ya bar nan da gudu don ya dawo nan. Jakina ma ya fi haka hankali."

Motoci biyar aka jera. Ɗanliti, direban Bunyaminu attajirin Dahome, ya taka totur, motarsa ta yi ruri har jakuna suka firgita. Ya saurari Gwanki, ya ji tana numfashi a hankali, sai ya leƙo.

"Malami, amarya ka kawo muna yau? Ba ta magana. Ina kuma ɗan rakiyar?"

"Na bar shi gida. Kai ma ka isa rakiya, tunda kullum a baya kake."

Sodangi ya sa Sambo ya tsaya kusa da kujerarsa a bakin rumfa, ya ce yana son bakanike a kusa ko da wani abu. Aka buga bindiga, motoci suka zabura.

Zagayen farko Malami ya bar su suka wuce, ya bi bayan ƙarar Ɗanliti kamar mai bin sawu. Da suka miƙo doguwar hanya Sambo ya ji hannunsa na dama yana matsa iska, yana neman gwiwar da ba ta nan. Suka wuce rumfa, suka wuce masu talla. Daga gindin gawo guɗa ta tashi, siririya, mai karyewa a ƙarshe. Gwanki ta kwanta hagu ta fita lafiya. A zagaye na gaba ma haka. Kafin a jima Malami ya goga wa wata mota kafaɗa ta faɗa ciyawa, ya matse Ɗanliti a kwanar gabas, ya shige gaba. Mutanenmu suka riƙa jefa huluna sama.

Sodangi ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Wace ce can gindin gawo take ɓarnar murya ga ƙura?"

"Matar direba ce," in ji Safi.

"Ga babban baƙo ya kusa, an ce motarsa ta wuce mararraba, mu kuwa ba mu da maguɗiya a rumfa. Je ka zo da ita."

Sambo ya durƙusa. "Alhaji, a bar ta can. Ga mata nan da yawa."

"Waɗannan? Kamar kaji sun ga shaho. A'a, ita nika so." Ya juyo ya dubi Sambo sosai, fuskarsa ba fushi ba dariya. "Ko akwai dalili? In akwai dalili, faɗa mini. Ga jama'a."

Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa a kansa. Ko Sodangi ya san abin da guɗar ke yi, ko maguɗiya kawai yake so don baƙonsa, ban sani ba, kuma bai taɓa faɗa ba har ya mutu. Abin da na sani shi ne an sake buɗe wa Sambo ƙofa, ya dube ta, ya tuna hannunsa a kan kan yayansa.

"Babu dalili," in ji shi.

Safi ya tafi. Sambo ya sulale ta bayan rumfa ya bi shi da gudu, da niyyar ya tsaya a gindin gawon ya yi ihu da kansa, ko Allah zai sa a ji. A tsakiyar hanya ya gamu da su, Safi ya riƙo Mariya a wuyan hannu, tana tirjewa, zanenta na jan ƙasa.

"Kada ka yi ihu, ba zai gane ka ba," ta ce masa da sauri. "Daga rumfa ina hango gawon. In ya kai zan yi daga can, zai ji."

Ya tsaya bai san gaba zai yi ko baya ba. Ya ci gaba zuwa gawon.

Ana tsayar da Mariya a bakin rumfa, motar baƙo ta iso ta bayan jama'a. Makaɗa suka ɗauka, aka buɗe ƙofa, baƙon ya sauko da babbar riga yana ɗaga hannu. A daidai lokacin Gwanki ta fito daga kwanar gabas ta hau doguwar hanya, ita kaɗai a gaba, rana tana dukan fuskar Malami.

"Guɗa," in ji Sodangi.

Mariya ta ja numfashi ta cika ƙirji, ta kama hanci. Idonta ba a kan baƙo yake ba. Ta riƙe.

Baƙon ya tako kan darduma. Makaɗa suka sassauta, sun bar wa guɗa fili kamar yadda aka saba. Ba abin da ya fito. Mutanen rumfa suka fara duban juna.

"Ke, ba ki ji ba?"

Ta girgiza kai kaɗan, yatsunta na kan hanci, tana bin Gwanki da ido. Saura kaɗan. In Malami ya wuce rumfa, ya wuce masu talla, shi ke nan.

Sodangi ya ɗaga wa Safi gira. Dorina ta sauka a gadon bayanta.

Numfashin a tare yake, hancin a kame. Abin da ya fito daga bakinta rabi ƙara ne, rabi guɗa, har da karyewar nan ta ƙarshe. Gwanki tana daidai gaban rumfa. Malami ya yi abin da ya yi ta yi duk yinin, ya taɓa birki ya murza hagu.

Motar ta watsar da ganguna, ta bi ta kan ƙwaryar fura da kaskon ƙosai. Masu talla suka tarwatse, don suna kallon hanya sun ga tahowarta. Ɗanaudu bai gani ba. Ta bi ta kansa, ta daki wani suri, ta kife a gefe ɗaya, tayoyinta na sama suna juyawa. Da aka ɗaga tsohon, ramar da yake murzawa tana nan naɗe a yatsunsa.

Mutanen Lafagu suka fara isa. Suka jawo Malami ta inda ƙofa ya kamata ta kasance, kafaɗarsa ta goce, jini na bin kunnensa.

"Hanya miƙe, ido na ganin ido, ya murzo kan mutane."

"Da gangan ya yi. Mun gani."

"Giya ya sha. Dukansu haka suke, 'yan iskan tasha."

Wani ya shure shi a haƙarƙari, wani ya kwaɗa masa dutse a baya. Malami ya dunƙule a ƙasa. Yana da bakin da zai faɗi kalma ɗaya a ƙyale shi, bai buɗe shi ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Gawon fa? Ina gawon?" Ba wanda ya gane abin da yake nufi. Mariya tana ta kutsawa, ana ture ta.

Abu, babban ɗan Ɗanaudu, ya ratso taron da gorar kiwo a hannu. Aka buɗa masa.

Sambo ya iso yana haki, ya faɗa tsakaninsu. "Ku tsaya, don Allah. Ba da gangan ba ne. Birki ne, birki ya tsinke."

"Mun ji ƙarar birkin da kunnenmu," in ji wani. Aka fizge Sambo aka jefar gefe.

Ya rarrafa wurin Sodangi, wanda ya tako daga rumfa ya tsaya a bakin taron, hannuwansa a baya. An riga an mayar da baƙo cikin motarsa an juya da shi.

"Alhaji, ka yi magana. Za su kashe shi."

"In ce mi?" Sodangi ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji. "Ni dai na ba mai lafiya mota. Har tambaya na yi ko akwai abin da ke damun direbana, ƙanensa ya ce babu. Safi shaida ne. In ya taka mutum, shi ya san dalili."

Abu ya ɗaga gora da hannu biyu.

Akwai ganga ɗaya da motar ba ta kayar ba. Sambo ya kama bakinta ya haye, farar ƙasa ta ɓata masa gwiwoyi. Ya miƙe a kanta, ya fi kowa tsawo a faƙon.

"Makaho ne."

Hayaniya ta haɗiye maganar. Ya cika ƙirji ya sake, har muryarsa ta tsage.

"Jama'a, makaho ne! Yayana makaho ne, ba ya gani. Ya yi shekaru ba ya gani. Ni nake ja masa gwiwa."

Gorar ta tsaya a sama. Shiru ya bi taron daga gaba zuwa baya. Abu ya dubi mutumin da ke ƙasa, ya sa ƙafa ya birkito shi, fuskarsa ta kalli sama. Ya kawo gorar da ƙarfi kamar zai fasa masa goshi, ya tsayar da ita dab da ido. Malami bai ƙifta ba.

Daga ɓangaren mutanen Dahome wani ya fara dariya. Ba ta mugunta ba ce da farko, ta mamaki ce, amma ta yaɗu. Ɗanliti, wanda ya tsayar da motarsa ya zo kallo, ya riƙe kai yana cewa ashe shekara da shekaru makaho ke ba shi ƙura. Wani ya ce a kai Malami Zagga, akwai wuri a layi. Wata tsohuwa da ta ɗauka taimako take yi ta matso ta sa masa ɓarin goro a tafin hannu, ta ce Allah shi kawo sauƙi, malam.

Abu ya juya yana duban fuskoki, na Sodangi, na Safi, na matar da bayanta ke jini, na mutumin da ke tsaye a kan ganga. Bai sami inda zai sauke gorar ba. Ya sake ta ta faɗi, ya koma wurin gawar ubansa ya zauna a ƙasa.

Sodangi ya aiki Safi ya zaro makulli daga kifaffiyar motar. Ya karɓa, ya jefa shi a gindin gangar.

"Alkawari kaya ne, bakanike. Na ce a tasha, amma nan ma ya yi. In ka tashe ta ka gyara, baɗi kai ne."

Ya juya ya tafi. Jama'a suka fara raguwa, wasu wurin gawa, wasu neman jakunansu da suka tsinke. Sambo ya sauko. Ya daɗe a tsaye, makullin na gaban yatsun ƙafarsa. Yana da 'ya'ya, kuma ba wani gareji a Bagudo sai na Sodangi.

Mariya ta durƙusa kusa da mijinta, ta goge masa jinin kunne da bakin zane.

"Wa na taka?"

"Baba mai igiya."

"Ya mutu?"

"Ya cika."

Ɓarin goron na cikin hannunsa har yanzu. Can ya ce, "Ke kika yi guɗar."

"Ni ce."

"Sambo kuma ya faɗa."

"Za su kashe ka ne, maigida."

"Na ji shi. Har masu kifi sun ji."

A bayansa wani ɗan ƙarfe ya yi ƙara, irin ta makulli in an ɗaga shi daga ƙasa. Malami ya karkata kai wajen Sambo.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ɗauke shi, amma da ya miƙe bai san ina ne gabas ba. Ya yi taku ɗaya ya yi karo da tayar Gwanki. Mariya ta so ta riƙe shi, kafaɗar ba ta taɓuwa, ɗayan hannun kuma in ta riƙe, bayanta ba zai ɗauki nauyinsa ba. Ta duba ƙasa, ta ga gorar da Abu ya yar. Ta ɗauka, ta riƙe kai ɗaya, ta miƙa ɗayan har ya taɓa bayan hannunsa.

Ya san ko mece ce tun kafin ya shafa. Ya tsaya, mutanen da suka rage suna kallo. Sannan ya buɗe hannu, goron ya faɗi, ya damƙe bakin sandar.

"Ja mu tahi," in ji shi.